Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Kyamara: Darasi Daga Bakin Matan Fada

A watan Maris na shekarar 2020, sa'ad da aka farfaɗo da bikin kamun kifi na Argungu bayan an shafe kimanin shekara goma ba a yi shi ba, na samu kaina cikin taron da ya yi dafifi a bakin Matan Fada. Kusa da ni akwai wani ɗalibin sakandare da ya zo daga Birnin Kebbi, riƙe da sabuwar waya wadda, kamar yadda ya gaya mini, sai da ya yi noman rani biyu kafin ya tara kuɗinta. Abin da ya ja hankalinsa gare ta shi ne wata lamba da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta, watau yawan megafiksil. Da aka buga bindiga, dubban masunta suka auka cikin ruwa da homa da gora, yaron nan ya yi ta ɗauka ba ƙaƙƙautawa. Bayan hayaniya ta lafa, muka koma inuwa muna dubawa. Ruwa ya fito fari fat, fuskokin masunta sun yi baƙi ƙirin har ba a gane kowa, waɗanda ya jawo daga nesa kuwa sun dagule kamar an zana su da gawayi a jiƙaƙƙen bango. Ya dube ni ya ce, "Malam, ashe cutata aka yi?"

Na ce masa ba a cuce shi ba, amma kuma ba a gaya masa gaskiya duka ba. Tambayar tasa ce ta haifar da wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, duk mai niyyar sayen kyamara ko waya ko manhajar gyaran hoto, ɗalibi ne ko malami ko hukumar makaranta, ya kamata ya fara da tambayar aikin da zai yi da yanayin ƙasar da zai yi shi, sa'an nan ya waiwayi abin da aka rubuta a kwali. Wanda ya juya wannan tsari yakan yi asarar kuɗi, wani lokaci ma har da asarar tarihin da ba ya maimaituwa.

Yadda kyamara ke gani

Asalin kyamara ɗaki ne mai duhu da ƴar ƙaramar kafa. Malamin nan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske yana tafiya a miƙe, kuma idan ya ratsa ƙaramar kafa zuwa ɗaki mai duhu, siffar abin da ke waje za ta bayyana a bango a kife. Kowane malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibansa wannan da gwangwanin madara da ƙusa da farar takarda.

Abin da aka daɗe ana nema shi ne yadda za a kama siffar nan ta zauna. An yi fiye da shekara ɗari ana kama ta da sinadarai a kan fim, ana wankewa a ɗakin duhu. A 1969 wasu masana biyu a Amurka, Willard Boyle da George Smith, suka ƙirƙiro wani ɗan faifan siliki mai juya haske zuwa lantarki, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2009. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa wata kyamara mai amfani da irin wannan faifai. Hotonta baƙi da fari ne, ɗigo dubu 10 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda a kan kaset.

Wannan faifan karɓar haske, wanda masu gyaran waya ke kira sansa, an rarraba shi gida-gida, kowane gida yana auna hasken da ya faɗa masa. Gida ɗaya shi ne ɗigo ɗaya, watau fiksil, ɗigo miliyan ɗaya kuma shi ne megafiksil.

Lambar da ke ruɗar mai saye

To, ɗigo nawa hoto yake buƙata? Lissafin ba shi da wuya. Masu ɗab'i kan nemi ɗigo 300 a kowane inci domin hoto ya fito tas. Takardar A4, irin wadda ake buga jarrabawa a kanta, tana ɗaukar ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Idan aka ninka su za a samu kimanin miliyan 8.7. Ƙaramin hoton da ake wankewa a saka a albam, mai inci 4 da inci 6, ɗigo miliyan 2 da ɗoriya ya ishe shi. Ke nan kyamara mai megafiksil 12 ta wadatar da duk abin da ɗalibi ko jaridar bango ta makaranta za su buƙata.

Abin da ba a cika rubutawa a kwali ba shi ne girman faifan kansa. Faifan babbar kyamarar ƙwararru yana da milimita 36 da 24, watau faɗin fili murabba'in milimita 864. Na matsakaiciyar kyamara ya kai kimanin 370. Na waya mai matsakaicin farashi kuwa sau da yawa bai wuce 30 ba. A ɗauka ruwan sama ake tara. Mai gona babba ya jera manyan randuna, mai ɗan tsakar gida kuma ya jera kofunan shayi masu yawa. Yawan kofunan ba zai ƙara ruwan da ya sauka a tsakar gidan ba. Haka haske yake: ƙaramin faifai da aka yayyanka gida miliyan 100, kowane gida ɗan haske kaɗan yake samu, shi ya sa hoton dare ko na cikin ɗaki ke fitowa da tsaki-tsaki.

Masu ƙera wayoyi sun san haka. Saboda haka wayar da aka ce tana da megafiksil 48 takan haɗa gida huɗu-huɗu su zama ɗaya, ta ba da hoto mai 12. Mai 108 kuma takan haɗa tara-tara, ita ma ta ba da 12. Dabara ce mai kyau, sai dai mai saye ya sani cewa babbar lambar da ya biya kuɗi dominta ba ita ce ke fitowa a hotonsa na yau da kullum ba.

Abin da Matan Fada ke koyarwa

Matsalolin da suka sami ɗalibin nan uku ne, kuma babu ko ɗaya da ƙarin megafiksil zai warware.

Ta farko ita ce awon haske. Kyamara tana duba hasken da ke gabanta gaba ɗaya, ta yi ƙoƙarin mayar da shi tsaka-tsaki. Da rana tsaka ruwan gulbi yana walƙiya kamar madubi, don haka sai ta rage haske, fuskar mai baƙar fata ta nutse cikin duhu. Wannan matsala tana da tarihi. Shekaru da dama wuraren wanke fim suna daidaita launi da wani kati na kamfanin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, saboda haka fatar Turawa ce ma'auni. Daga baya ne aka fara gyara. Kamfanin da ke ƙera Tecno da Infinix da itel ya yi suna a Afirka da daidaita kyamarorinsa ga baƙar fata, Google ma ya fito da irin wannan tsari a 2021. Duk da haka, magani na kusa yana hannun mai ɗauka: ya taɓa fuskar mutumin a gilashin wayar domin kyamara ta auna haske daga can, ya ƙara haske kaɗan da yatsa, ya kuma tsaya yadda rana za ta kasance a bayansa ko a gefensa. Wanda zai sayi waya ya gwada ta a kan fuskar ɗan'uwansa, a rana da kuma cikin ɗaki, tun bai biya ba.

Ta biyu ita ce motsi. Kyamara tana buɗe idonta na ɗan lokaci ta rufe. In masunci ya ɗaga homa cikin wannan lokaci, hannunsa zai fito a shafe. Domin tsayar da fantsamar ruwa ana buƙatar ƙiftawa ta kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ko kusa da haka. Duk sa'ad da aka ninka saurin ƙiftawa, hasken da ke shiga yana raguwa da rabi. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa mai shago ita ce, shin na'urar tana barin mutum ya saita saurin nan da kansa?

Ta uku ita ce nisa. Jawo abu kusa iri biyu ne. Akwai na gilasai, inda gilasan kyamara ke matsawa su kawo siffar abin nesa ta cika faifai. Akwai kuma na lissafi, inda na'ura ke yanko tsakiyar hoto ta buɗa shi, ta cike gurabe da kintace. Yawancin wayoyi masu araha na biyun suke yi, shi ya sa masuntan da ke tsakiyar gulbi suka dagule. A nan ne tsohuwar kyamara ta hannu, mai megafiksil 16 da dogon gilashi, take yi wa sabuwar waya fintinkau.

Wani zai ce, ai waya ta riga ta kashe kasuwar kyamara, me ya sa za a wahalar da yara? Akwai gaskiya a maganar. Waya tana aljihu kullum, kuma domin hoton aji, ko gwajin kimiyya, ko ganyen shinkafar da cuta ta kama a fadama wanda za a nuna wa malamin gona, ta isa har ta yi yawa. Ban ga dalilin da ɗalibi zai takura wa iyayensa su saya masa kyamara ba. Amma makarantar da ke da ƙungiyar ƴan jarida, wadda ke son ɗaukar wasannin motsa jiki, ko hawan salla, ko kabanci a gulbi, gara ta sayi kyamara guda ta hannu mai lafiya da gilashi biyu, ɗalibai su riƙa karɓa-karɓa, da ta sayi waya mai tsada da za ta ƙare a aljihun mutum ɗaya.

Zafi da ƙura da wuta

Kayan nan ba a ƙasarmu aka ƙera su ba, kuma ba a cika tuna yanayinmu wajen tallarsu ba. Kamfanin Apple, alal misali, ya rubuta cewa a yi amfani da wayoyinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salsiyas ba. A Birnin Kebbi kuwa zafin watan Afrilu yakan haura 40. Zafi yana tsufar da batirin litiyam da wuri, musamman in ana caji a rana, ko a cikin mota rufaffiya, ko a ƙarƙashin matashi. Batirin da ya kumbura haɗari ne, a daina amfani da shi nan take.

Ƙurar hunturu ita ma abokiyar gaba ce. Mai kyamarar da ake canza wa gilashi kada ya buɗe ta a fili lokacin hazo, domin ƙwayar ƙura ɗaya a kan faifai za ta bayyana a kowane hoto. Kada kuma a goge gilashi da gefen riga, saboda yashin da ke cikin ƙura yana karce shi. A fara hure shi da ɗan famfon roba, sa'an nan a share da tattausan ƙyalle. Akwai wata alama da ta fi megafiksil amfani a gare mu, watau haruffan IP da lambobi biyu. Lambar farko ta ƙura ce, 6 kuma na nufin ƙura ba ta shiga. Ta biyu ta ruwa ce, 7 na nufin na'urar ta jure nutsewa a zurfin mita ɗaya na minti 30 a wajen gwaji. Mai zuwa bakin gulbi ya san darajar wannan.

Sai maganar wuta da gyara. Kafin a saya a tambaya: in batir ya mutu ko gilashi ya fashe, akwai mai gyara a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ko sai an aika Kano ko Legas? Ana samun cajarta a kasuwa? A saka kuɗin batir na biyu, da katin ajiya, da jaka a cikin lissafi tun farko. A yi hattara da jabun katin ajiya, wanda ke nuna yana da sarari mai yawa alhali kaɗan ne, sai ya cika ya riƙa lalata hotuna ba tare da sanarwa ba. Maganinsa a cika shi da hotuna a gwada buɗe su duka tun kafin ranar biki. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mutanen Argungu kuwa sun fi kowa sanin haka.

Manhajar gyaran hoto

Da an ce gyaran hoto, sunan da ke zuwa baki shi ne Photoshop, wadda ƴan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fito da ita a 1990. Manhaja ce mai ƙarfi, babu musu. Amma tun 2013 kamfanin ya koma tsarin haya, ana biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma kowa ya ga yadda darajar naira ta faɗi tun daga tsakiyar 2023. Abin da ya biyo baya shi ne yawancin kwamfutocin da ke ɗauke da ita a garuruwanmu kwafin sata ne. Ina ganin bai dace makaranta ta bi wannan hanya ba. Kwafin sata ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka, sau da yawa yana zuwa da ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma malamin da ke hana satar amsa ba zai ji daɗin koyarwa da kayan sata ba.

Akwai mafita ta halal. GIMP, wadda ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a 1995, kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma zubinta na 3.0 ya fito a watan Maris na 2025. Darktable kyauta ce ga mai sarrafa hotunan babbar kyamara. A waya kuma akwai Snapseed. Masu ja da wannan ra'ayi kan ce wuraren aiki Photoshop suke nema. Haka ne, amma abin da ɗalibi ke koyo shi ne ilmin haske da launi da yanka da shimfiɗa hoto bisa hoto, kuma wannan ilmi ɗaya ne a ko'ina. Wanda ya iya tuƙi a tsohuwar mota ba zai kasa tuƙa sabuwa ba.

Abu biyu ya kamata mai gyara ya riƙe. Na farko, tsarin JPEG, wanda aka tsayar a 1992, yana rage nauyin hoto ta hanyar zubar da wani ɓangare na bayanansa, kuma duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa sai an ƙara zubarwa. Don haka a ajiye na asali, a yi aiki a kan kwafi. JPEG yana da matakin haske 256 ga kowane launi, ɗanyen hoton kyamara kuwa, wanda ake kira RAW, yana da 4096 ko 16384, shi ya sa ake iya ceto fuskar da ta yi duhu daga cikinsa. Na biyu, WhatsApp yana matse hoto in an tura shi yadda aka saba. Wanda ke son hoto ya isa da cikakken ingancinsa ya tura shi a matsayin takarda.

Iyakar gyara

A nan ne maganar ta wuce kuɗi. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Yau yaro mai waya zai iya mayar da ƙaramar giwan ruwa ta yi kama da wannan cikin minti biyu, ko ya umarci manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana masa masuncin da ba a taɓa haifa ba. Ko ba manhaja ma, miƙa kifi kusa da gilashi yana ninka girmansa a ido. Manya sun faɗa wannan rami. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza kusa da juna domin hoton ya dace da bangonta, ta sha suka. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto da ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ƙi karɓar kyautar gasar hoto ta Sony, ya bayyana cewa na'ura ce ta ƙirƙiri hoton nasa.

Ƙa'idar da nake ba ɗalibai ita ce, gyaran da ke kusantar da hoto ga abin da ido ya gani halal ne: ƙara haske, daidaita launi, miƙe hoton da ya karkace, yanke gefe. Ƙara abin da babu, ko cire abin da ke akwai, ya mayar da hoton zane, kuma wajibi ne a faɗa wa mai kallo. Haka nan tsarin ƙawata fuska da ke zuwa a kunne cikin wayoyi da yawa, mai haska fata da share zane, ya kamata a kashe shi. Tsagen fuskar dattijon Bakabe shaida ce ta asali, na'urar da ta goge shi ta goge tarihi. A kuma nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi, balle mata da yara.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Bikin Argungu ya samo siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta ƙarfafa zumunci bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Gidan tarihi na Kanta, wanda tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, yana adana makamai da kayan sarautar magabata. Nan da shekara 50, masu binciken yadda ake saƙa homa, ko yadda gulbi ya janye, ko yadda ganuwar Surame ta zaizaye, hotunan da ɗalibanmu ke ɗauka yau za su nema. Hoton da ba a san ranar ɗaukarsa ba, ko wanda aka yi wa ƙari, ba zai yi musu amfani ba.

Kammalawa

Shawarata ga malamai ita ce su mayar da sayen na'ura darasin kimiyya. A kawo wayoyi uku aji, a ɗauki abu ɗaya a rana da inuwa da cikin ɗaki, a buga hotunan ba tare da sunan waya ba, ɗalibai su zaɓa, sa'an nan a bayyana farashi. Gani ya kori ji. Kowane hoto mai muhimmanci a rubuta masa wuri da rana da sunan mai ɗauka, a ajiye shi a wuri uku, ɗaya daga ciki a wajen makaranta.

Ɗalibin nan na bakin Matan Fada bai sayar da wayarsa ba. Da yamma, rana ta yi sanyi, ya matsa kusa da wani masunci da ke ɗaure homarsa, ya gaishe shi, ya nemi izini, ya taɓa fuskarsa a gilashi, ya ɗauka. Hoton ya fito har ana ganin ɗigon ruwa a gemun dattijon. Na ce masa ya rubuta ranar da sunan wurin kafin ya manta, ya kuwa rubuta.